Ƙunshin Amarya: Yadda Ake Ƙiyasta Kuɗinsa da Zaɓen Hannun da Zai Zana

Duk wadda ta taɓa riƙe jakar kuɗin biki ta san cewa ƙunshi yana cikin abubuwan da ake rainawa a lissafi, sai ranar ta zo a tarar ya ci fiye da abin da aka ware masa. Dalili kuwa shi ne, ana tambayar mai ƙunshi nawa take yi wa amarya, ta faɗi kuɗi, a rubuta a takarda, ba tare da an tantance wane irin lalle ne ba, ko ina zanen zai tsaya, ko mutum nawa za a yi wa, ko kuma wa zai sayi kayan haɗi. Babban zane, wato wanda ya tashi daga yatsu har gwiwar hannu ciki da baya, ya kuma rufe ƙafa daga yatsu zuwa tsakiyar ƙwauri, aiki ne da ke cinye rabin yini ko fiye, kuma zai fito a kowane hoton da za a ɗauka. A ganina abu biyu ake biya a cikinsa: lokacin mai zane, da abin da ta zuba a ledarta. Na biyun ya fi na farkon muhimmanci, amma shi ne ba a cika tambaya ba.

Ba zan tsaya kan zanen allura irin na Turawa ba, wanda ake cusa tawada a ƙarƙashin fata ta zauna har abada. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya la'anci mai yin sa da wadda ake yi wa, cire shi da na'urar lesa yakan fi yin sa tsada, kuma allurar da ba a tsabtace ba tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau. Zaɓin da ke gaban amaryarmu yana tsakanin nau'o'in lalle ne, kuma bambancinsu ya fi yadda ake zato.

Jan lalle shi ne asali. Ganye ne ake shanyawa a daka a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa ko ruwan lemon tsami, wasu su ƙara sukari don ya manne, wasu su ɗiga mahallabiya don ya ƙara kamawa. Sinadarin da ke cikin ganyen yana shiga saman fata ne ya rina ta, shi ya sa yake son lokaci: sai ya yi awa 4 zuwa 6 a jiki, ko ma ya kwana, kuma in an kankare shi launin ruwan lemo ake fara gani, sai bayan kwana 1 ko 2 ya nuna ya koma ja mai duhu. Yakan yi mako 1 zuwa 3 kafin ya goge, amma wanda ya hau farce ba ya fita sai farcen ya tsiro an yanke, abin da kan ɗauki watanni. Kayansa sun fi na kowanne araha, kuma da wuya ya cutar da fata. Rauninsa ɗaya ne, ba kuma ƙarami ba ne: ya fi kama tafin hannu da tafin ƙafa, inda fata take da kauri da haske, amma a bayan hannu da damtse, musamman ga mai duhun fata, siririn zane ba ya fitowa yadda ake so. Wannan raunin ne ya buɗe wa baƙin lalle kasuwa.

Masu ƙunshin gargajiya sun daɗe da samo hanyar da suke bi. Ana yanka salatif sirara a lilliƙa a ƙafa da hannu yadda zai fitar da fasali, a damɓara jan lalle a kai, a ɗaure da leda, in an cire a maimaita, sannan a shafa gishirin lalle da aka haɗa da toka, jan ya rikiɗe ya koma baƙi ko kusa da baƙi. Wannan aikin ya fi kowanne cin lokaci, domin yankan salatif ɗin kaɗai sana'a ce, kuma amarya za ta yi zaman haƙuri sau biyu. Sai dai yana daɗewa, yana kuma da kwarjinin da zanen fulawa ba shi da shi, musamman a ƙafa. Haɗin gishirin yana da wari mai hawa kai, yana kuma iya ƙona fata in an bar shi ya wuce ƙa'ida, saboda haka hannun da ya saba ne ya kamata ya yi.

Sai dayis, wanda shi ne yawancin abin da ake nufi in an ce baƙin lalle ko zanen fulawa. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ba lalle ba ne, rinin gashi ne. Sinadarin da ke sa shi baƙi ana kiran sa PPD, kuma an yi shi ne don gashi, ba don ya kwanta a fata ba. Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba a rinin gashin da aka kwaɓa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ba ta amince a shafa shi a fata ba sam. Abin da ya sa ake son sa a bayyane yake: cikin ƙasa da awa ɗaya ya kama, baƙi wuluk, layinsa siriri, ya fito raɗau a kowace irin fata. Mai zane tana son sa don tana sallamar mutane da yawa a yini, ƙawaye suna son sa don ba zaman jira.

Matsalarsa ita ce jiki yana iya ƙin sa, kuma ba nan take yake nunawa ba. Wadda ba ta taɓa yi ba tana iya kaiwa mako 1 ko 2 lafiya lau, sannan ƙaiƙayi ya fara, wurin ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, suna bin layin zanen daidai kamar an sake zana shi da wuta. Wadda jikinta ya riga ya ƙi shi kuwa, cikin kwana 1 zuwa 3 abin yake tashi. In ya warke yakan bar tabo mai duhu ko mai haske na tsawon watanni, kuma ƙin da jiki ya yi masa ba ya gushewa, ta yadda ko rinin gashi ta shafa bayan shekaru sai ya tayar mata. Na ga wannan a kan ƙanwata. An yi mata zane mai kyau har gwiwar hannu ana jibi ɗaurin aure, aka sha biki aka watse, kwana 9 da tarewa ta kira ni tana kuka. Da na je na tarar da fulawar nan duk ta taso ta yi bororo, ganye-ganye, tana zubar da ruwa, ba ta iya ko sa hannun riga. Abin da aka kashe a asibiti ya ninka kuɗin ƙunshin, inuwar zanen kuma ta kusa shekara a hannunta. Ba kowa hakan ke samu ba, mata da yawa suna yi shekara da shekaru ba abin da ya same su, amma babu mai iya duban fata ta ce wannan za ta tsira. Gwajin da ake yi a ɗan wuri kwana 2 kafin biki yana tona wadda jikinta ya riga ya ƙi shi ne kawai, ba ya ba sabuwar shiga tabbaci. In kuma an shigo da garin dayis gida, a nisanta shi da yara, domin guba ne mai kisa in an haɗiye.

Akwai kuma lallen da ake sayarwa a kwaɓe cikin 'yan ledoji masu tsini, wanda ake shigowa da shi daga Indiya da Pakistan da ƙasashen Larabawa. Abin lura game da shi shi ne, kwaɓaɓɓen lalle na gaskiya ba ya wuce 'yan kwanaki sai ƙarfinsa ya mutu, in ba a firiza aka ajiye shi ba. Saboda haka ledar da ta yi watanni a kan kanta cikin zafin kasuwa, amma ta kama cikin minti 20, akwai wani abu a cikinta ban da ganye, ko da kwalin ya ce tsantsar lalle ne. Irinsa yakan yi kyau a kwanakin farko sannan ya riƙa ɓarewa dabbare-dabbare. Wasu masu zane a manyan birane sun fara amfani da jagua, ruwan wani ɗan itace na Kudancin Amurka da ke ba da launi baƙi mai ratsin shuɗi ba tare da PPD ba. Yana da tsada, kuma shi ma akan sami wadda jikinta bai karɓe shi ba. Abin da ake kira farin lalle kuwa fenti ne mai gam da ke zama a saman fata. Jan lalle da baƙi launi suke bari, ruwan alwala yana ratsawa, amma wannan shamaki ne tsakanin ruwa da fata, sai an cire shi alwala ko wanka za su inganta, kuma wannan kaɗai ya isa ya fitar da shi daga lissafin yawancin amare.

Game da kuɗi, ba shi da amfani a riƙe farashin bara, domin kayan haɗi da kuɗin mota suna canzawa, kuma abin da ake karɓa a Kano ko Abuja ba shi ake karɓa a Gumel ko Tasawa ba. Abin da ba ya canzawa shi ne yadda kuɗin yake haɗuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi mai zane nawa take yin hannu biyu zuwa tsintsiyar hannu, a ɗauki wannan a matsayin ma'auni, sannan a ƙirga gurabe: bayan hannu, tafin hannu, daga tsintsiya zuwa gwiwa, saman ƙafa, tafin ƙafa, ƙwauri. Kowane gurbi da aka ƙara lokaci ne, kuma cikar zane ta fi faɗinsa cin lokaci, domin fulawa manya masu tazara za a gama su cikin rabin lokacin da cikakken zane mai raga-raga zai ci. In za a haɗa ja da baƙi, aiki biyu ne, a kuma lissafa shi a matsayin biyu. A kan wannan ne ake ɗora kuɗin zuwa gida, da abincin mai zane da yaranta, da ƙarin da suna yake jawowa, domin wadda ta yi suna a Instagram tana sayar da sunan tare da zanen. Lokaci ma yana da nasa farashin: jajibirin Sallah, da watan Sha'aban da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, da ƙarshen shekara, duk lokuta ne da ba a samun ragi.

Inda lissafi ya fi wargajewa shi ne wajen jama'a. An yi ciniki a kan amarya da ƙawaye biyar, sai ga gwaggo ta miƙo hannu, ga matar yaya, ga 'yan mata na maƙwabta, kuma babu mai iya cewa a'a a gidan biki. Da yamma mai ƙunshi ta kawo lissafin mutum 17, a fara kallon-kallo. Maganin wannan shi ne a rabe cinikin gida biyu tun farko: kuɗin amarya daban, na sauran kuma a kan kowane mutum, a kuma sanar cewa wadda ba ta cikin jerin da aka rubuta ita za ta biya wa kanta. In mai zanen tana haɗawa da gyaran jiki irin na Barebari da Shuwa, dilka da halawa da turare, a nemi ta faɗi kuɗin kowanne shi kaɗai, don a san abin da za a iya cirewa in aljihu ya gaza. Kafin alƙalami kuma kada ya wuce rabi, a rubuta shi a saƙon waya tare da rana da lokaci da iyakar inda zanen zai tsaya.

Wajen zaɓen mai zane, hoton waya shi ne shaida mafi rauni, domin ana ɗaukar hoton aikin wasu a saka, kuma ko nata ne, an ɗauke shi ne lalle yana ɗanye, lokacin da kowane zane yake da kyau. Abin da ya kamata a nema shi ne hannun wata da ta yi wa kwana 4 ko 5 da suka wuce, a duba ko layin ya tsaya siriri ko ya baje, ko hannun dama ya yi daidai da na hagu, ko launin ya kama bai ɗaya. Sannan a tambaye ta kai tsaye: "Hajiya, me da me kike zubawa a haɗinki?" Wadda ta san aikinta za ta lissafa ba tare da ɓata rai ba. Wadda ta ce sirrin sana'a ne, ko kuma aka ji warin kananzir ko fetur a kwaɓinta (akwai masu ɗigawa don ya yi saurin kamawa), a nemi wata. A kuma tabbatar ita da kanta za ta zana amarya, domin masu suna sukan karɓi biki uku a rana ɗaya su tura yaransu. Ba aibu ba ne yarinyar da ke koyo ta yi wa ƙawaye, amma ba a kuɗin uwar ɗakinta ba. Jarirai da ƙananan yara kuma kada a yi musu ko da jan lalle ne, saboda akwai larurar jini da ake kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, kuma lalle yana iya farfasa jinin yaron da ke da ita.

Da ni za a tambaya, ga amaryar da ba ta taɓa yin dayis ba, zan zaɓi ƙunshin salatif a ƙafa da jan lalle mai kyau a tafin hannu da yatsu, in kuma dole sai an yi baƙin zane a bayan hannu, a nemi mai jagua ko da za a rage faɗin zanen don kuɗin ya isa. A gama halawa da dilka tukuna, domin in an yi su daga baya suna kankare launin, sannan a sa ranar ƙunshi ta zama kwana 2 kafin babban taro, yadda jan zai nuna daidai ranar da ake buƙatarsa. In da hunturu ne a tanadi garwashi a kasko kusa da amarya, domin lalle ba ya kama jiki mai sanyi da wuri.