Hostin na haɗaka mai "ba iyaka" ko ƙaramin VPS mai NVMe?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin biyun da ka kawo, wato hostin na haɗaka (inda shafuka da yawa ke zaune a sabar guda) mai faifai "ba iyaka" da VPS (yankin sabar da aka ware maka kai kaɗai) mai RAM giga 2 da faifai mai sauri na NVMe giga 40, ɗauki VPS ɗin kawai.

Irinsa nake riƙe da shi, shafin WordPress ne a kai. Ranar da na kwashe kayana zuwa can, ina danna shafin gudanarwa sai ga shi ya buɗe kafin in ɗage yatsa, alhali a da sai in zauna ina kallon da'irar nan tana ta juyawa. Na ji daɗi sosai, wallahi. Kuma dalilin a fili yake. Duk baƙon da ya shigo, WordPress sai ya yi ta aika wa rumbun MySQL ƙananan tambayoyi barkatai, a nan ne faifai ke nuna halinsa. Tsohon faifai mai juyi 7,200 a minti buƙatu wajen 100 yake iya amsawa a daƙiƙa, don sai allurarsa ta je ta lalubo wurin. NVMe ba shi da allura, dubun-dubata yake amsawa. Ko faifan SSD na SATA, wanda shi ma ba shi da allura, iyakarsa wajen megabait 550 a daƙiƙa, shi kuwa NVMe a kan layin haɗi na PCIe 3.0 yakan kai 3,500. Giga 40 ma ba za ka cika shi da wuri ba, sai in bidiyo za ka jibga.

Na haɗakar yana aiki dai, in shafin sanarwa ne da ba kowa ke leƙawa ba. Na taɓa zama a kai, ban yi kewarsa ba. "Ba iyaka" ɗin nan ka buɗe sharuɗɗansu, za ka tarar sun ƙayyade yawan fayiloli da rabonka na CPU, wato injin sarrafawa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da VPS ɗin su ma. Wani zai rubuta maka vCPU 4, wato kaso huɗu na CPU, da manyan baƙaƙe, alhali ya cusa mutane fiye da ƙima a kan tsohon injin Xeon guda, kowa na jan rabonsa. Ka tambaye su ƙarara: KVM ne ko OpenVZ? Hanyoyi biyu ne na raba sabar; zaɓi KVM, ya fi ware maka naka. Da ka shiga sabar, buga umarnin lscpu ka ga injin da suka ba ka, sannan ka buga umarnin top ka duba lambar da ke kusa da "st", wato lokacin CPU da aka ɗauke maka. In ta daɗe tana sama, maƙwabta ne ke cinye lokacinka, ka tattara ka bar musu. Shi ya sa kada ka biya kuɗin shekara tashin farko, fara da wata ɗaya. In sun ce suna da RAID, wato haɗa faifai da yawa don in ɗaya ya lalace bayanai su tsira, madalla, amma ba zai dawo maka da fayil ɗin da ka goge ba, ka riƙa ajiye kwafi a wani wuri daban.

Sai dai VPS kai ne za ka riƙa sabunta shi da toshe ƙofofinsa. In ba ka saba da Linux ba, nemi wanda kamfanin ke kula maka da shi, ko da ya ɗan fi tsada.