WhatsApp ko takarda a fayil: wanne ya fi wa sakatariya?

'Yar'uwa, kin ce maigidanki na ofis kusan kullum ta WhatsApp yake ba ki umarni, wani lokaci ma da saƙon murya, kina tambaya ko hakan ya wadatar ko sai kin riƙa rubuta takarda. Kowanne da wurinsa, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

WhatsApp ya dace da abin gaggawa wanda ba za a sake waiwayarsa ba: an ɗage taro daga ƙarfe 10 zuwa 12, baƙo ya iso, direba na jira. Matsalarsa ita ce wayar taki ce, ba ta ofis ba. In ta faɗi ko aka sace ta, shaidarki tana iya tafiya. Mai aikawa kuma yana iya goge saƙonsa daga wayoyinku biyu cikin kusan kwana 2, kuma in ya kunna saƙo mai ɓacewa, bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90 babu shi. Saƙon murya ya fi muni. Ba a iya nemo shi da kalma, kuma in da Turanci yake magana, 15 da 50 sukan yi kama a kunne.

Takarda tana da jinkiri, wannan ba musu. Amma duk abin da ya shafi kuɗi, hutu, sayayya ko amincewar shugaba, nan ne gidansa, domin masu binciken kuɗi fayil suke buɗewa. Ki sa lambar fayil da kwanan wata a sama, sannan daga wa zuwa wa, sai kan magana a layi guda. Abin da ake nema ya fito tun a jimlar farko, kada ki ɓoye shi a ƙarshe. Kuɗi ki rubuta su da lamba da kuma kalmomi. Buƙata ɗaya a takarda ɗaya: in kika haɗa uku, sai ya rubuta "na amince" a rasa wacce yake nufi. Ki ba kowane shafi lamba kafin fayil ya fita, in ba haka ba ko an zare takarda ba mai ganewa. Kuma masinja kada ya dawo sai wanda ya karɓa ya sa hannu a littafin aika takardu, da rana da lokaci.

Gwanintar tana wajen haɗa su. In Yallaɓai ya aiko da murya cewa a sayo tawadar firinta, ki amsa nan take, sannan kafin a tashi aiki ki ajiye masa takarda: "Ranka ya daɗe, bisa umarninka na yau, za a sayi tawadar firinta guda 4. Ga farashin a maƙale. Ina neman amincewarka." Wannan ba rashin ladabi ba ne, shi ma kariya ce gare shi.

Ki kuma ware littafi ƙarami kina rubuta lambar kowace takardar da kika tsara da ranar da aka amince da ita. Lokacin cike fom ɗin tantance aiki na shekara, ko ganawar ƙarin girma, daga nan za ki ɗauko abin da za ki nuna.