Hattara da masu sayar da ram ɗin sabar na jabu

Jama'a, duk mai niyyar sayen ram (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) na tokumbo domin sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, mai firosesa biyu, irin su Dell PowerEdge R730 ko HPE ProLiant DL380 Gen9, ya yi hattara. Akwai masu tallar kaya a WhatsApp da Facebook da ke cewa wai daga cibiyar ajiyar bayanai aka ciro musu ram ɗin kai tsaye, farashi ya karye, amma sai ka tura kuɗi kafin su ɗora maka a mota. Abin da ke zuwa a kwalin sau da yawa ba shi ne aka nuna maka a hoto ba.

Yaudarar da ta fi yawa ita ce a liƙa sabuwar sitika a kan ram ɗin kwamfutar tebur, a ce maka na sabar ne. Duka samfurin ram na DDR4 ne, duka fil 288 gare su, don haka zai shiga gurbin lafiya lau, sai dai sabar ba za ta tashi da shi ba. Ka juya shi ka ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin ajiya da ke jikinsa. Na tebur yakan zo da 8 ko 16. Mai ECC kuwa, wato ram mai gyara kuskure da kansa, yana da 9 ko 18 ko 36, saboda faɗinsa bit 72 ne, ba 64 ba, ƙarin nan shi ne ke gyara kuskure. RDIMM na gaske kuma, wato irin ram ɗin sabar mai rajista, yana da wata ƙwaya ta daban a tsakiya, ita ce rajistar. Idan babu ita, magana ta ƙare.

Sannan ka karanta rubutun sitikar da kyau. A misalin 2Rx4 PC4-2400T-R, harafin R na ƙarshe yana nufin RDIMM, L na LRDIMM ne (wani nau'in ram ɗin sabar daban), E na ECC marar rajista, U na tebur. A kayan Samsung lambar kanta tana tona asiri: M393 RDIMM ne, M386 LRDIMM, M378 na tebur. Abin takaici, wasu sukan cakuɗa RDIMM da LRDIMM a kwali ɗaya su ce ai duk 32GB ne. Ba a haɗa su a sabar ɗaya, ko kaɗan.

Wanda ya fi wayo shi ne mai ɗora sitikar 32GB a kan 16GB. Ƙirgen ƙwayoyi ba zai cece ka a nan ba, domin 2Rx4 na 16GB da na 32GB duk ƙwayoyi 36 ne. Haska fitilar waya a kan ƙwaya ɗaya ka karanta ƙananan haruffan da aka zana mata. A na Samsung, K4A4G gigabit 4 ne kowace ƙwaya, wato ram ɗin 16GB ne, K4A8G gigabit 8, wato 32GB. Idan ka ga saman ƙwayar a kankare, ko rubutun ya goge da ɗan yatsa, an taɓa shi. Wasu har ƙaramar ƙwayar SPD, mai gaya wa injin girman ram ɗin da gudunsa, suke sake wa bayani, ram mai gudun 2133 ya riƙa kiran kansa mai gudun 2666. A Linux ka buga dmidecode -t memory: idan ram huɗu suka nuna lambar siriyal iri ɗaya, kwafe bayanin aka yi.

Masu sayar da sabar ɗungurungum su ma suna da tasu dabarar. R730 gurbi 24 gare ta, 12 na kowace firosesa, a kan layin bayanai huɗu-huɗu, gurbi uku a kowane layi. Idan firosesa ɗaya ce a ciki, gurbin B1 zuwa B12 ba sa aiki sam. Sai a cika su da matattun ram, a buɗe maka murfi ka ga ido ya cika, alhali rabi kawai injin yake gani. Ka shiga iDRAC ko iLO, shafin kula da sabar na Dell da na HPE, ka kwatanta jimillar da ta nuna da abin da ke rubuce a rasit.

Ka sani kuma ba kowane raguwar gudu ne zamba ba. Firosesar Xeon E5-2600 v3 ba ta wuce gudun 2133 ko da ka sa mata ram mai 2666, kuma cika gurbi uku a layi ɗaya da RDIMM yana ƙara saukar da gudun.

Mafi haɗari shi ne ram na gaske wanda aka cire shi domin ya fara ciwo. Sabar za ta tashi, ECC yana ta rufa masa asiri, sai ranar da kuskuren ya fi ƙarfinsa injin ya faɗi da bayanan mutane a ciki. Saboda haka ka sa sharaɗi kafin ciniki: za a gwada a sabar ɗinka, a bar MemTest86, manhajar gwajin ram, ta yi zagaye huɗu, sannan a duba kundin rahoton iDRAC ko iLO ko an rubuta kuskuren ram da aka gyara a wani gurbi. A rubuta siriyal na kowane ram a rasit tare da kwanakin da za a iya maido shi. Mai kayan da ya ce sai dai ka biya a Legas a aiko maka ba gwaji, ka bar masa kayansa.