Daɓen kankare ko daddalalliyar ƙasa: wanne ya dace da wurin haɗa taki a gidan renon tsirrai?

Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce kana aiki a gidan renon tsirrai na ƙaramar hukuma, duk ganye da ciyawar da ake sharowa daga lambuna da gefen tituna wurinku ake jibgewa, kuma an ware muku ɗan kuɗi don gyara wurin haɗa taki. Abokan aikinka sun rabu biyu: wasu sun ce a zuba kankare a yi gurbi uku masu katanga, wasu sun ce asarar siminti ce, a daddale ƙasa a watsa tsakuwa, shi ke nan. Kana so ka san wanne za ka kai wa shugabanku.

Kafin komai, kankare ba ya yin taki. Ƙwayoyin halitta ne ke yin sa, kuma ba ruwansu da abin da ke ƙarƙashinsu. Abin da suke nema shi ne busasshen kaya da ɗanye a gauraye, yadda sinadarin kabon zai ninka naitirojin kamar sau 25 zuwa 30, sai iska, sai laima daidai, wadda in ka damƙi takin ka matse zai dunƙule a hannunka ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. In an samu wannan, tsibin da ya kai mita ɗaya kowace kusurwa zai ɗauki zafi da kansa cikin 'yan kwanaki. Albert Howard, wanda ya tsara hanyar haɗa taki a Indore ta ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, a ramuka marasa zurfi da tsibi a kan ƙasa ya yi aikinsa. Saboda haka duk wanda ya ce maka sai da daɓe taki zai yi kyau, bai faɗi daidai ba. Daɓen na masu aiki ne, da ruwa, da tsabta. A kan waɗannan ukun za mu auna.

Mu fara da ruwa, don nan ne bambancin ya fi fitowa.

A kan ƙasa, ruwan sama da baƙin ruwan da ke tsatsowa daga tsibi nutsewa suke yi. Ido ba ya gani, sai a ɗauka an huta. Amma wannan baƙin ruwan yana ɗauke da amoniya da gishiri-gishiri, kuma gidan reno ba ya rasa rijiya ko burtsatse ko rafi a kusa, tunda ban ruwa shi ne rabin aikinsa. In ƙasarku yashi ce, ruwan ya yi ƙasa ke nan, inda ba ku so. In yumɓu ce, ba ya nutsewa, sai wurin ya zama caɓi, gindin tsibin ya jiƙe sharkaf, iska ta daina shiga, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. Wannan warin alama ce cewa aikin ya tsaya.

A kan kankare ba ɗigon da ke nutsewa. Wannan shi ne amfaninsa, shi ne kuma fitinarsa. Yi lissafi: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Daɓe mai murabba'in mita 40, in aka yi ruwa na milimita 25, lita 1,000 ke nan za ta nemi hanya cikin ƙanƙanin lokaci, kuma duk ta wanko taki. Ina za ta je? In ba ku da amsa, kada ku zuba kankaren tukuna. Na taɓa ganin daɓen da aka yi shi sumul kamar tsakar ɗaki, birkila ya goge shi har yana sheƙi, amma ba gangara ko kaɗan, ga ɗan kwari a gurbin tsakiya. Ruwa ɗaya aka yi wurin ya zama tafki. Na tura shebur gindin tsibin, abin da ya fito baƙi ne wuluk yana yauƙi, sauro na tashi a gefe. Wannan daɓen ya fi ƙasar da aka rufe da shi muni. Gangarar da ake bukata ba ta da yawa: santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ta gangaro daga katangar baya zuwa gaba, ta faɗa ƙaramar kwata, kwatar ta kai ramin tara ruwa mai murfi. Ruwan ramin kuwa, a ɗebo shi a mayar kan sabon tsibi da ke neman laima. Kada a zuba shi kan takin da ya nuna, kada kuma a shayar da dashe da shi. Ita ƙasa ko tsakuwa, don ba ta da santsi, tana son gangara fiye da haka, kamar santimita biyu zuwa huɗu a mita.

Na biyu, da me kuke juya takin? Wannan tambayar kaɗai tana iya yanke hukunci.

In mutum biyu ne da shebur da baro, ƙasa mai tauri za ta ɗauke ku shekaru, illa dai lokacin ruwa tayar baro za ta riƙa kafewa. In kuwa akwai tarakta mai bokiti ko ƙaramar motar kwasa, ƙasa ba ta da ta cewa. Duk shiga sai taya ta yi rami, duk kwasa sai bokiti ya yago ƙasa da tsakuwa ya cusa cikin takin, wurin ya yi ta zurfafa har ya zama kwarin da ruwa ke taruwa. Ita tsakuwar da ake yabo, rabinta a rariyar tace taki za ka same ta, saura kuma a cikin ledar dashe. A kan kankare bokiti na bin daɓe ya kwashe tas, kuma yana da katangar da zai tokara kaya a kai. Juyin da ke cin yini sai a gama shi cikin sa'a guda. Kada ka raina wannan, domin takin da juya shi ke da wahala ba a juya shi, komai yawan takardar umarni da aka liƙa a bango.

Juyin kuwa shi ne ke kai mu ga na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a wurin irin naku. Manomi da zai watsa taki a gona yana iya haƙuri da 'yar ciyawa. Ku cikin leda da tukunya za ku zuba shi, ku shuka iri mai laushi a kai. Irin ciyawa ɗaya da ya tsira, hannu ne zai bi leda dubu yana cirewa. Zafi ne ke kashe irin ciyawa da cututtuka, kuma ana so tsakiyar tsibi ta zauna tsakanin digiri 55 da 65 a ma'aunin Salsiyas. In ta haura 70, su kansu ƙwayoyin halittar da ke ruɓarwar mutuwa suke fara yi. Ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa a 1993, wadda asalinta don lakar bahaya aka yi ta amma masu taki da yawa suka ara, ta ce dogon tsibi ya kwana 15 a digiri 55 ko sama, a juya shi sau biyar a cikin kwanakin, don abin da ke gefe ya shiga tsakiya. Duka kankare da ƙasa za su iya ba ka wannan zafin. Bambancin yana bayan nan. A kan ƙasa, takin da ka sha wahala ka tsabtace yana zaune a kan ƙasar da ba ta taɓa yin zafi ba, bokiti ko shebur ya haɗo su. Cututtukan da ke ruɓar da wuya da saiwar dashe, irin su Fitoftora da Fitiyom, a ƙasa da ruwa suke yawo. In da bishiya a kusa, saiwoyinta za su hauro cikin tsibin su saƙe shi kamar tabarma. Kankare kuwa ana share shi, ana wanke shi, a tabbatar sabon kaya bai taɓa nunanne ba.

Wani abu a gefe, tunda ka ce ciyawar filaye ake kawo muku: akwai magungunan kashe ciyawa, kilofiralid da aminofiralid, da zafin taki ba ya karya su, daɓe ma ba ya hana su. Ka tambayi masu feshi abin da suke fesawa. In kana shakka, shuka wake a tukwane kaɗan da takin, wasu kuma da ƙasa zalla. In sabon ganyen na cikin takin ya nannaɗe ya murɗe, ka samu amsa.

To ita ƙasar fa, ba ta da abin yabo? Tana da shi. Tsutsar ƙasa, wato tana, da sauran ƙananan halittu suna hauro tsibi da kansu bayan zafi ya sauka, su ƙarasa aikin, takin ya yi laushi da ƙamshin ƙasa. A kankare ba su da hanya, ko da yake shebur biyu na tsohon taki a cikin sabon tsibi yana rage wannan giɓin, don su ƙwayoyin ruɓarwar dama a jikin ganyen suke zuwa. Sannan a wuri mai zafin rana daɓe yana gasa gefen tsibi ya busar da shi, sai an ƙara ban ruwa ko an rufe da tamfol. Babbar fa'idar ƙasa dai ita ce arha da sauƙin canza shawara. In kun ga wurin ya yi nisa da famfo, ko tifa ba ta iya juyawa, ku tattara ku matsa. Kankare in ya bushe ya zauna ke nan.

Ga abin da zan ce in ni ne a kujerarka. In akwai inji, ko akwai ruwan sha a kusa, ko takin cikin leda zai shiga, a zuba kankare, amma ba ko'ina ba. A yi shi a gurbin dafa taki, da filin gabansa, da inda za a ajiye nunanne. Tarin busasshen ganye da rassan da ba a sare ba su zauna a ƙasa, ba sa tsatso da wani abin tsoro. In kuwa ba ku san yawan kayan da ke shigo muku ba, ku yi zango ɗaya a ƙasa da katangar katako, kuna ƙirga lodi. Kayan yakan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka kafin ya nuna, kuma yawancin masu gini ba su san haka ba, sai su yi gurbin ƙarshe da girman na farko, su kuma matse filin gaba. Filin gaban nan ne aka fi yin rowarsa, alhali nan ake sauke kaya, a gauraya, a tace, inji ya juya. Ya kamata ya kai zurfin gurbin, in da hali ya fi shi.

Ga magini kuma, abin da za ka tsaya a kansa. A kwashe ƙasar sama mai ciyawa gaba ɗaya, a zuba dutse fasasshe kamar santimita 15 a danne shi da inji, don yawancin daɓen da ya tsage daga ƙasa ciwon ya fito. Kaurin kankare santimita 10 ya isa ƙafa da baro, ƙaramin inji yana son 15 da ragar ƙarfe, babbar mota kuwa 20, kuma a nan a nemi injiniyan hukumarku ya sa hannu. Murabba'in mita 40 a kaurin 15, kankare kubik mita 6 ke nan. Ragar a ɗaga ta ta zauna cikin kankaren, ba a shimfiɗe ta a ƙasa a zuba a kai ba. Ka sa ido kan ruwan kwaɓi, don leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda sauƙin zuba, shi kuwa kankare mai ruwa da yawa ƙofofi gare shi, kuma ruwan taki mai tsami ne a farkon ruɓewa, yana cin fuskar daɓe a hankali. A yanka layin tsaga duk bayan mita huɗu ko makamancin haka, a cike shi da abin toshewa. Fuskar kada a goge ta sumul, a ja tsintsiya a kai ta bi gangara, don jiƙaƙƙen taki santsi gare shi kamar sabulu. A yi masa ban ruwa aƙalla kwana bakwai, kada inji ya hau sai ya cika 28. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa akwai kwaɓi na musamman mai ƙananan kumfar iska a ciki, a nemi shi.

Katangar baya ita ke shan duka. Bulo mai rami da ba a cika ba, bokiti na tura shi sau biyu zai kwanta. A dasa rodi tun daga cikin daɓen, a jera bulon a kai a cika ramukan da kankare, ko a zuba katangar gaba ɗaya. Tsayin mita 1.2 zuwa 1.5 daga daɓe ya wadatar. Katangun tsakiya, in da hannu ake aiki, ana iya barin ƙofofin iska a jikinsu, kamar yadda ake yi a tankin bulo na tsarin Nadef da ya fito daga Maharashtra, wanda duk jikinsa ramuka ne. Faɗin gurbi mita biyu ya yi wa shebur, amma in inji ne, a auna bokitin a ƙara aƙalla rabin mita. Gaba a bar shi a buɗe, ko a yi maƙalar da ake zura alluna ana zarewa.

In kuɗin ya rage, rufi ya fi ƙarin kankare amfani, musamman a kan gurbin nunannen taki, domin ruwan da bai sauka kan daɓe ba ba sai an nema masa rami ba. A ɗaga rufin yadda bokiti zai miƙe bai taɓa kwano ba. Sai ma'aunin zafi mai dogon tsinke, wanda zai kai tsakiyar tsibi, da littafin da za a riƙa rubuta zafin kowace safiya. Ka sa su biyun a cikin takardar kuɗin tun yanzu, don bayan an gama gini da wuya a sake buɗe muku fayil saboda su.