Gargaɗi ga masu shaguna a Kano: mai "na'urar tsaron waifai" ya cinye min naira 185,000

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana tara ina rubuta wannan magana ina gogewa, don kunya. Amma jiya da daddare wani mai shagon magani a Rijiyar Zaki ya kira ni ya ce an zo masa da irin wannan zancen, har ya fara tunanin ba da kafin alƙalami. Shi ya sa na ce kunyar ta tafi can, sai na faɗa.

Naira 185,000 aka karɓe min. Dubu ɗari da tamanin da biyar, a kan wata farar roba da aka manna min a silin.

Ina da shagon kwamfuta a wajejen Kabuga, muna buga takardu, fotokwafi, cike fom ta intanet, ga POS a gefe. Shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a. Ina faɗin haka ne saboda masu cewa "ai kai ma ka cika sakaci". Ni ba baƙon kwamfuta ba ne. Ni nake sauya wa injinan shagona inki, ni nake ɗora musu Windows, kuma ko waya zan saya a Farm Centre sai na juya ta sau goma kafin na zaro kuɗi. Sau nawa aka kira ni aka ce daga banki ne, na ba da lambar BVN, na kashe wayar? Ba a taɓa samuna ta nan ba. Mutumin nan bai zo min da surutu ba, abu ya nuna min da idona.

Ranar Alhamis ya zo. A'a, bari na gyara, ranar Talata ya fara zuwa, ya buga takarda shafi biyu ya biya, Alhamis ce ya dawo da jaka. A ranar Talatar ne ya ji ina yi wa yaron shagona faɗa a kan data. Watanni uku ke nan datar da muke saya ta wata guda ba ta kai mu kwana ashirin. Sai ya juyo cikin natsuwa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri na sa baki. Ka tabbata kai kaɗai ne a kan waifai ɗin nan?" Ya ce shi injiniya ne, aikinsu sa wa otal-otal da asibitoci na'urar da ke gano ɓarayin intanet. Bai ce na saya ba. Ya karɓi takardunsa ya tafi. Yanzu na gane wannan tafiyar ma tana cikin shirin.

Da ya dawo ranar Alhamis sai ya buɗe laftof a kan kantata, allo baƙi, rubutu kore yana ta gudu. Ya ce na duba jerin waifai a wayata. Na duba. Sunan waifai ɗin shagona ya fito sau biyu, harafi da harafi iri ɗaya, ɗaya da ɗan kwaɗo a gefe, ɗaya babu. Ya ce, "Ka ga wannan na biyun? Tarko ne. Wani a layin nan ya kafa shi. Duk wanda ya hau, an ga abin da yake yi, har kuɗin POS ɗinka." Gabana ya faɗi. Sannan ya ce na riƙe wayata da kyau. Ina riƙe da ita a hannuna, ina kallo, waifai ya yanke. Ya dawo, ya sake yankewa. Sau uku. Ya ce, "Su ne. Suna ture ka don ka faɗa nasu."

Ku gaya min tsakani da Allah, wa zai ga wannan a tafin hannunsa bai tsorata ba?

Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da ya biyo baya. Aka kira La'asar, muka fita tare, ya yi alwala da butata, muka tsaya sahu ɗaya, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Da muka dawo na aika a sayo masa lemo, ya ce a bar shi, yana azumin Alhamis. Sai ya dafa kanta ya ce, "Alhaji, kada ka ba ni ko sisi sai ka ga aiki da idonka. Ni haƙƙin mutum nake tsoro." Wannan maganar ce ta kashe ni. Kullum na kwanta sai ta dawo min, da muryarsa da yadda ya sunkuyar da kai. Ni haƙƙin mutum nake tsoro. Kuma bayan wannan magana da kamar rabin awa na tura masa 100,000, ni da kaina, don ya ce na'urar tana hannun wani a Legas, sai an biya za a sa ta a mota. Mutumin da ya ce kada na ba shi sisi. Ban ma lura maganar ta sauya ba.

Ga lissafin yadda ya rubuta min a takarda mai hatimi: na'ura 120,000, kuɗin aiki 40,000, lasisin shekara 25,000. Jimilla 185,000. Na tura 100,000 ranar Alhamis, na ba shi 60,000 a hannu ranar da ya yi aikin, sauran 25,000 na lasisi na tura da daddare. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne sunan da ya gaya min ba. Na tambaya, ya ce na akantan kamfani ne. Na yarda. Eh, na yarda, don a garin nan kullum muna tura kuɗi asusun yaron shago ko na ƙanin mai kaya, ba wani sabon abu ba ne.

Ranar Litinin ya zo da ita a kwali. Fara ce, zagayayyiya kamar faranti, da ɗan nauyi. Ya ari tsani wurin mai walda, ya huda silin ɗina, ya ɗaure ta da sukurori biyu, ya ja siririyar waya ta bi bango zuwa soket. Wata 'yar fitila shuɗiya ta fara ƙyaftawa. Ya ce idan shuɗiya ce lafiya lau, idan ta koma ja an kawo hari kuma ta tare. Sannan ya ce na ba shi kalmar sirrin shiga cikin rautar, wato akwatin da ke ba mu waifai, wai zai haɗa su su san juna. Na ba shi. Ya yi 'yan danne-danne, ya ce na sake duba wayata. Waifai na biyun nan ya ɓace. Wallahi har addu'a na yi masa. Har na ce zan haɗa shi da ƙanina mai shago a Kantin Kwari, Allah ya taimake ni ban kai ga yi ba.

Data kuwa ba abin da ya sauya, kwana goma sha takwas ta ƙare. Amma kafin nan ma, na manta ban faɗa ba, ya kira ni bayan sati ɗaya ya ce akwai sabuntawa da za a yi wa na'urar, 30,000. Na ce ya bari wata ya ƙare. Wannan kaɗai na tsira da ita. Da datar ta ƙare na kira shi, ya ce yana Kaduna wurin aiki. Na sake kira, ya ce an yi masa rasuwa. Na yi masa ta'aziyya! Daga nan layi a kashe, hotonsa ya ɓace a WhatsApp.

Ɗan yayata ne ya tona asirin. Yana karatun kwamfuta a BUK, ya biyo ta shagon zai buga aikin makaranta, ya ɗaga kai ya ce, "Kawu, mene ne wancan?" Na gaya masa, har da ɗan alfahari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ina kebul ɗinta na intanet?" Na ce ai ba ta buƙata. Ya ce, "To a ina kake duba rahotonta?" Na ce fitila ce take nunawa. Bai ƙara magana ba, ya hau kujera ya kwance ta, ya sa sukuddireba ya buɗe a gabana.

Jama'a, cikin cajar waya ne a ciki. Cikin caja, da 'yar fitila guda, da wani guntun ƙarfe da aka liƙe da gam don ta yi nauyi. Shi ke nan. Babu eriya, babu komai. Fitilar ma ba ta da launin ja, ko shekara za ta yi shuɗiya ce. Abin da na biya wa 185,000 ke nan. Yaron shagona yana tsaye, kwastomomi biyu suna zaune. Ban san sanda na zauna a kan benci ba.

Yaron nan ya zaunar da ni ya yi min bayani, kuma zan faɗa muku yadda na fahimta, don irin na'urar da mutumin ya ambata akwai ta da gaske, da sunanta ya yi damfarar. Ta gaskiyar aikinta sauraro ne. Tana bin tashoshin waifai na 2.4 da na 5 GHz ɗaya bayan ɗaya, tana lura da wanda ya kafa waifai da sunan naka, ko wanda yake aika saƙon da ke ture mutane daga kan layi. Amma dole ta kai rahoto wani wuri. Yawanci kebul ɗin intanet ake ja mata, sau da yawa ma ta cikin kebul ɗin take samun wuta, kuma akwai shafin da mai wurin zai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa ya ga abin da ta gano, da rana da lokaci. Tana da lambar kamfani a jikinta, da lambar MAC, wato lambar da rauta ke gane kowace na'ura da ita, kuma idan ka buɗe shafin rautarka za ka gan ta a jerin abubuwan da ke haɗe. Tawa ba ta da ko ɗaya. Ya kuma ce manyan wurare ne suke buƙatarta, irin bankuna da jami'o'i masu rauta da yawa, ba shago mai ɗaki ɗaya ba.

Waifai na biyun da na gani fa? Ya ce kowa zai iya kunna rabon intanet a wayarsa ya sa masa sunan da ya ga dama. Ya yi a gabana, cikin minti ɗaya sunan shagona ya fito sau biyu. Wato wayar mutumin ce a aljihunsa. Ranar da ya gama "aiki" kashe ta kawai ya yi. Yankewar da waifai ya riƙa yi a hannuna kuma, shi ne yake yi daga laftof ɗinsa, tsohuwar dabara ce da ke aiki a kan rautar da ba a kunna mata kariyar hakan ba. Tsarin tsaron waifai na WPA3 da ya fito a 2018 ya toshe wannan ƙofa, tawa kuwa tsohuwa ce mai WPA2. Shi ne ɓarawon, shi ne mai maganin ɓarawo, kuma yana tsaye a gabana yana cewa yana azumi.

Da muka shiga shafin rautar, abubuwa ashirin da uku ne a haɗe. Nawa guda shida ne. Sauran na maƙwabta ne da yaran layi, saboda kalmar sirrin tun da aka sa ta ba a taɓa sauyawa ba, kuma wayoyin yanzu suna raba ta ta hoton QR, wanda ka ba shi zai ba goma. Ga inda datata take tafiya. Maganinsa kyauta ne, minti biyar. Wani abin da ya ƙara tayar min da hankali, mun tarar an kunna damar shiga rautar daga nesa, ni kuma ban taɓa kunna ta ba. Yaron ya danna ɗan maɓallin baya ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ya sa sabuwar kalmar sirri doguwa, ya sauya ta shiga shafin ma, ya kashe WPS, wata gajeriyar hanyar haɗa na'ura da waifai, wanda ya ce tun 2011 aka san yana da rauni, ya ware wa kwastomomi layin baƙi daban. A daren na sauya duk lambobin sirrin bankina. Ban ga an taɓa min kuɗi a asusu ba, alhamdu lillahi, amma na kwana biyu ba barci.

Na je adireshin da ke kan takardarsa a Zoo Road. Na hau benen, na sauko, na tambayi masu gadi da mai shayi, ba wanda ya taɓa jin sunan kamfanin. Na kai ƙorafi bankina da shaidar tura 100,000 da 25,000, na kuma kai rahoto wurin 'yan sanda, ana kan bincike. Dubu 60 da na ba shi a hannu kuwa ba ni da wata shaida sai yaron shagona. Mai ɗakina ta ce, "Ka bar wa Allah." Na bar wa Allah, amma ban yafe ba. Kuɗin da na tara ne zan sauya injin fotokwafi kafin a koma makaranta, 185,000, na ɗauka na miƙa saboda mutum ya tsaya kusa da ni a sahu. Kuma har yanzu ina cewa ba wauta na yi ba, an shirya min ne tun ranar Talata.

Ku dai kada ku ba kowa kalmar sirrin shiga rautarku. Duk wanda ya kawo muku na'ura, ku ce ya nuna ta a shafin rauta da inda ake karanta rahotonta kafin ku biya. In data tana ƙarewa, ku fara sauya kalmar sirri.

Mutumin dogo ne, wankan tarwaɗa, yana sa farin gilashi, yana yawo da baƙar jakar goyo. Hotunan alat guda biyu, da takardar mai hatimi, da hirarmu ta WhatsApp, da hoton cikin robar, duk suna wurina. Zan ɗora su da zarar mai binciken ya ce ba matsala, bayan na rufe lambobin asusu. Robar kuma tana nan a kan kantata a buɗe, duk mai shagon da yake son gani ya biyo Kabuga ya gani.