Bangon Bayan Murhu a Kicin ɗin Tsakar Gida: Tayil, Dutse, Ƙarfe ko Jan Bulo?

Duk gidan da ake girkin taro, ko da akwai kicin na zamani a ciki, za a tarar da wani a tsakar gida. Can ake ɗora tukunyar tuwon suna, can ake suyar naman layya, can ake dafa ganda da wake don kada su cinye gas. Duk mai irin wannan kicin kuma ta san inda yake fara tsufa, wato bangon da ke bayan murhu. Shi ke shan hayaƙi, shi manja ke fantsamar wa, rana ta gasa shi, ruwan Agusta ya yi masa feshi, hunturu ya zo ya liƙa ƙura a kan maiƙon.

Namu na farko da ragowar tayil ɗin banɗaki aka yi shi, fari mai sheƙi. Damina biyu ya yi lafiya. A ta uku, wata safiya ina fifita gawayi sai na ji ƙas, guda ya ɓamɓaro ya faɗo bayan tukunya. Da na juya shi, dunƙulen siminti biyar ne kacal a jikinsa, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, sauran duk fili, har kyankyasai sun yi gida a wurin. Na bi ragowar ina ƙwanƙwasawa da cokali, fiye da rabi suna amsawa kamar ganga. Abin ya yi mini ciwo, don da tukunyar mai ce a kan wuta da labarin ya sha bamban.

Kafin a taka kasuwar kayan gini, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Dei-Dei a Abuja, akwai tambaya biyu da ya kamata a amsa tun daga gida. Da me ake girki a wurin? Wutar gas tana tsayawa ƙarƙashin tukunya, abin da ke kai wa bango maiƙo ne da tururi. Wutar itace kuwa lasar bangon take yi. Sannan akwai rumfa ko babu, kuma ina bangon yake kallo? A ƙasar Hausa hadari daga gabas ya fi tasowa, bangon da fuskarsa ke kallon gabas shi ke shan dukan ruwa. A haɗa da zafin Afrilu da ke kaiwa digiri 40 a Kano, da daren Janairu da ke sauka ƙasa da 15. Komai aka manna a bangon nan kullum cikin buɗewa da tsukewa yake.

Tayil shi ne abin da kowa ke fara tunawa, amma iri biyu ne da ido ba ya rabewa daga gaba. Na siramik da ake yi don bangon cikin ɗaki, irin mai santimita 25 da 40 ɗin nan, bayansa kamar tukunyar ƙasa yake, yana iya shan ruwan da ya haura kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa. Fosilin kuwa ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1200, kuma a ƙa'idar duniya ba a kiran tayil da wannan suna sai in ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ba sai an dogara da bakin mai shago ba. A juya tayil ɗin, a ɗiga masa ruwan leda a baya. Na siramik zai zuƙe nan take ya bar duhu, na fosilin ruwan zai zauna a kai. Na Sifen ne, na Indiya, na Sin, ko wanda ake yi a Ajakuta ta jihar Kogi, wannan gwajin bai san ƙasa ba.

Ga mai girki da gas ko gawayi, ni fosilin nake zaɓa, kuma manya. Dalilin shi ne datti ba a jikin tayil yake zama ba, a layin da ke tsakani yake maƙalewa, to gwargwadon girman tayil gwargwadon ƙarancin layi. Mai 60 da 60 yawanci huɗu ne a kwali, murabba'in mita 1.44 ke nan. Bango mai tsawon mita 3 da tsayin mita 1.2 zai ci 3.6, in an ƙara kashi 10 saboda yanka da fashewa, kwali uku sun isa. A duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, don launi yakan ɗan saɓa daga wannan gashin wuta zuwa wancan. A ɗauki mai santsi, launin toka ko ruwan ƙasa. Fari yana tona kowane ɗigon manja, baƙi yana ɗaukar zafi kuma ƙurar hunturu a kansa ta fi fitowa. Mai kaushi da aka yi shi kamar dutse, da ƙananan nan masu kama da duwatsun ado, suna da kyau a shago, amma wadda za ta riƙa bin su da tsohon buroshi ita ta san kuɗinsu.

Dutsen giranayit ya fi fosilin tsada, ya kuma fi shi daɗewa in an same shi da kyau. Rana ba ta kashe masa launi, kuma ana iya yanko falle ɗaya ya rufe bayan murhu gaba ɗaya ba layi ko guda. Sai dai nauyi. Mai kaurin santimita 2 yana haura kilo 50 a kowane murabba'in mita, don haka dole ya zauna a kan kanta ko dakali, a kuma kama shi da ƙarfe daga sama. Masu hasken launi sukan sha mai. A roƙi ɗan guntu wurin masu yanka, a shafa masa manja a bar shi ya kwana, da safe a wanke da omo. In tabo ya zauna, sai an riƙa shafa masa maganin toshe ƙofofin dutse lokaci zuwa lokaci. Wanda kuɗinsa bai kai falle ba ya tambayi ragowar yanka, sukan yi sauƙi.

Mabul kam ban ba kowa shawara ba, ko na Jakura ta jihar Kogi ne ko na Italiya. Dutse ne mai laushi, kuma tsami yana cin sa: ruwan tsamiya, lemun tsami, tumatir, zoɓo, duk inda suka ɗiga sheƙin ya tafi. Tarazo ma da tsakuwar mabul ake yin sa, ciwonsu ɗaya. Haka dutsen haɗi da ake kira kwats, wanda ake yayi a kicin na ciki. Garin dutse ne aka ɗaure da wani irin gam na roba, rana tana sa shi ya yi rawaya, zafi mai yawa yana ƙona gam ɗin, masu yin sa da kansu galibi ba sa ba da garanti in a waje aka sa shi.

Ƙarfen sitenles shi ne abin masu gidan abinci, kuma a wajen saurin wanki babu kamarsa, tsumma ɗaya ya gama. Wanda ake so shi ne mai lamba 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Akwai 201 mai araha, nikel ɗinsa kaɗan ne, shi ne wanda ke fesowa da ɗigon tsatsa bayan damina. Kada a ruɗu da gwajin mayen ƙarfe, don duka biyun ba ya kama su sosai, gara a nemi ganin lambar a jikin fallen. Mazauna Legas da Fatakwal, inda iska ke ɗauke da gishirin teku, 316 ya fi dacewa da su. Bilic yana huda sitenles, kada a kusance shi da shi. In kuma babu rumfa a haƙura, don da rana ƙyallinsa ya hana ido sakat, ga zafin da yaro ba zai iya dafawa ba.

Duk waɗannan ga gas da gawayi ne. Murhun itace ba ya son ko ɗaya a kusa da harshen wuta, don tayil zai tsage, giranayit ma yakan dare in wuta ta dame shi a wuri ɗaya. Jan bulo ya kamata a jera daga ƙasa har ya wuce bakin tukunya, in da hali irin wanda ake gina gidan burodi da shi. Zai yi baƙi, wannan babu makawa, amma ba zai faɗo ba, kuma farar ƙasa sau ɗaya a shekara ta wadatar. Kakata ba ta san tayil ba, yaɓe ake yi wa madafarta a bi da makuba ta kwasfar ɗorawa, kowace shekara kafin ruwa ya sauka a sabunta. Filasta da fentin mai shi ne makwafin wannan a yau: mafi sauƙin kuɗi, amma kullum cikin sabuntawa. Silin roba, takardar mannawa da gilashin taga kuwa, ko kyauta aka bayar kada su matso kusa da wuta.

Sai batun aiki, wanda shi ya kayar da bangona na farko. Tun ran gini tun ran zane. Fosilin da yake ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama shi da kyau, sai gam ɗin tayil, a nemi buhun da aka rubuta C2 a jikinsa, alamar gam mai ƙarfin kamu ke nan. Da mai aikinmu na biyu ya zo na ajiye masa tsohon tayil ɗin nan mai dunƙule biyar. Ya juya shi ya ce, "Hajiya, wannan ai sauri aka yi." Na ce, "To Malam, ni dai a shafe bayan kowane ɗaya kaf, ko zai ƙara kwana." Da cokalin gini mai haƙora ya baza gam a bango, ya kuma shafa a bayan tayil, ya bar tazarar milimita 3 tsakani, ya cike layukan da abin cikawa mai duhu maimakon farin siminti. Akwai na ifoksi, wani irin gam mai ƙarfi da ba ya shan mai sam, ya fi tsada kuma ba kowane mai tayil ya iya shi ba. Kusurwoyi da inda bango ya haɗu da kanta silikon ya sa, wato gam mai laushi kamar roba, don a samu wurin motsi. A saman layin ƙarshe ya yi ɗan baki mai gangara, saboda ruwan da ya samu hanya ta sama shi ke ɓamɓare tayil daga baya.

In sabon filasta ne a bar shi ya yi mako huɗu kafin a manna komai, in kuma bangon yana fitar da farin gishiri-gishirin nan daga ƙasa, a fara magance damshin tukuna. Mu a Nuwamba muka yi namu, bayan ɗaukewar ruwa, da sassafe da kuma bayan la'asar, don gam ba ya son rana tsaka. Jan bulo a ɓangaren itace, fosilin ruwan toka a ɓangaren gas. Ban biya cikon kuɗin aiki ba sai da na bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya da cokali, guda biyu suka yi ƙarar ganga, ya cire su ya sake.