Ɗakunan Copley a Museum of Fine Arts na Boston

Duk mai son sanin yadda attajiran Amurka suke son a gan su kafin samun 'yanci, ya nufi gidan adana kayan fasaha na Museum of Fine Arts da ke lamba 465, Huntington Avenue a Boston. Reshen E na jirgin ƙasa na Green Line yana tsayawa a bakin ƙofa. Ɓangaren fasahar nahiyar Amurka, wanda aka buɗe a 2010, shi ne inda zanukan John Singleton Copley suke, kuma su kaɗai sun isa dalilin zuwa.

A fara da zanen Paul Revere na 1768. Maƙerin azurfa ne, an zana shi da farar riga ba kwat, yana riƙe da butar shayi ta azurfa, kayan sassaƙa a gabansa kan tebur mai sheƙi. Ba a saba zana mutum haka ba a zamanin, domin wanda ya biya kuɗi yakan so a nuna shi cikin adonsa. Zuriyarsa ce ta riƙe zanen har 1930, sannan ta ba gidan.

A zamanin, girman ƙyallen da ake zanen a kansa ne ke yanke farashi. Inci 30 da 25 na kai da ƙirji ne, inci 50 da 40 kuwa ya kai gwiwa, da hannaye da kujera da labule, kowanne ƙarin aiki ne. Saboda haka tun daga nesa za ka iya kimanta ƙarfin aljihun gidan. Sai dai kada tufafi su ruɗe ka. Masu zane sukan kwaikwayi tsayuwa da ɗinki daga hotunan da ake bugowa daga Ingila, kuma shuɗiyar rigar da ke jikin marubuciya Mercy Otis Warren a zanenta ta fito a jikin wasu mata biyu da Copley ya zana.

Zanen da ya fi cancantar a daɗe a gabansa shi ne na Mary da Elizabeth Royall, na wajejen 1758: 'yan mata biyu cikin siliki, ga kare, ga ɗan tsuntsu. Dukiyar gidansu daga gonakin rake na Antigua ta fito, da gumin bayi, kuma ubansu ya ajiye bayi a Medford, kusa da Boston. Ƙyallen bai nuna ko ɗaya daga cikin bayin ba, don haka wajibi ne mai kallo ya shiga da wannan sani.

Tsohon fentin mai yana ɗaukar walƙiyar fitila, musamman inda launi ya yi duhu. Ka ɗan karkata gefe, za ka ga ƙananan tsage-tsagen da shekaru suka haifar. Zanen George Washington na Gilbert Stuart na 1796, wanda ba a ƙarasa ba, wanda kuma aka ɗauki fuskarsa aka sa a takardar dala 1, mallakar haɗin gwiwa ne da National Portrait Gallery, yana kai-komo tsakanin Boston da Washington. Ka bincika inda yake kafin ka sayi tikiti.